Ranar da na karɓo na'urar barcina

Talata, 14 ga Janairu, 2025. Silver Spring, jihar Maryland.

Yau ma da ciwon kai na tashi sallar asuba, bakina a bushe kamar wanda ya kwana yana gumbar garin rogo, jikina kuma a mace tamkar na yini ina dako, alhali tun ƙarfe goma na dare na kwanta. Uwargida ta ce sau uku ta zungure ni cikin dare, domin minsharin yakan yanke ɗif, ƙirjina yana motsi amma babu iskar da ke shiga, har sai na yi wata irin shaƙuwa sannan in ja numfashi da ƙarfi. Ni kuwa ban san an yi ba. Na shekara da shekaru ina musanta mata wannan magana, kuma da muka je Zariya bara Hajiya ta ji labari, cewa ta yi dannau ne, in riƙa karanta Ayatul Kursiyyu ina kwanciya ta gefen dama. Addu'ar ban fasa ba, kwanciyar gefen ma likita ya ce tana taimakawa, amma abin da ke damuna ba dannau ba ne.

A watan Nuwamba na kwana a ɗakin gwajin barci, aka manna mini wayoyi a ka da haɓa da ƙirji da ƙafafu, aka maƙala wani abu a yatsa yana auna oksijin. Sakamakon ya nuna cewa numfashina yana tsayawa ko ya ragu ƙwarai sau 38 a kowace awa. Likita ya ce ƙasa da sau 5 shi ne lafiya, daga 5 zuwa 15 ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani ne. Yadda ya bayyana mini, idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki su toshe hanyar iska, oksijin ya sauka a jini, sai ƙwaƙwalwa ta firgita ta tayar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya sani ba, haka za a yi ta yi har gari ya waye. A ranar na gane dalilin da ya sa hawan jinina ya ƙi jin ƙwayoyi iri biyu, da dalilin gyangyaɗin da nake yi ana tsakiyar huɗubar Juma'a, da kuma ranar da barci ya sace ni a danja sai ƙarar hon ce ta farkar da ni. Maganin shi ne na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta tiyo zuwa hanci domin hanyar ta tsaya a buɗe. Wani likita ɗan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ne ya fara gwada dabarar a birnin Sidni, aka buga sakamakonsa a 1981, kuma har yau asalin aikin bai canza ba, sai dai injin ya ƙanƙance ya rage ƙara.

Yau ce ranar da kamfanin da ke rarraba kayan jinya ya ba ni in je in karɓa, da ƙarfe goma na safe. Kafin in fita na sake kiran wani abokina mutumin Maraɗi, direban babbar mota wanda ya shekara huɗu yana kwana da irin wannan na'ura, tun da wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Ya maimaita mini abin da ya faɗa tun farko: “Alhaji, kada ka sa hannu a kan kowace takarda sai ka karanta sunan da ke jikin injin da idonka.” Shi ne ya fahimtar da ni inda gizo ke saƙar. A tsarin biyan kuɗin inshora na Amurka lamba ɗaya ce, wato E0601, ake amfani da ita ga na'ura mai hura iska da ƙarfi guda ɗaya tsawon dare da kuma wadda ke ƙara ƙarfi ko ta rage da kanta gwargwadon bukatar mai barci. Tun da kuɗin da za a biya mai kaya ɗaya ne, ba sai an faɗa wa ɗan kasuwa wadda zai fi son ya miƙa maka ba. Ni kuwa wadda na ƙudura a raina ita ce AirSense 10 AutoSet ta kamfanin ResMed, wadda ta fito tun 2014. Na san akwai sabuwarta mai lamba 11 da ta fito a 2021, amma tsohuwar ce a hannun abokina, ya san cikinta da bayanta, kuma maɓallin murɗawa gare ta, wanda ya fi mini sauƙi a cikin duhu ba tabarau.

Sauran ƙanƙarar makon jiya tana nan a gefen titi ta yi baƙi, sanyi kuma yana ratsa safar hannu. Na isa da saura minti goma, aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai tebur da kujeru biyu, kwali yana ajiye, an jera takardu a gefensa an ɗora biro. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni mace ce mai fara'a, kuma ta soma bayani tun ban gama cire kwat ba. Na ce ta yi haƙuri in fara ganin kayan. Da ta buɗe kwalin sai na ga ba ita ba ce: wata na'ura ce ta daban mai ƙarfin iska guda, an riga an saita ta a kan 10, kuma da na tambaya ta amsa cewa yawan awannin da mutum ya yi da ita kawai take ajiyewa, ba ta nuna sau nawa numfashi ya tsaya ko yawan iskar da ta zurare ta gefen takunkumi.

Ta ce abin da likita ya rubuta ke nan, ta juyo mini da takardar. Gaskiyarta ce. Abin da ke rubuce shi ne CPAP, ƙarfin iska 10, shi ke nan, babu sunan na'ura. A nan laifin nawa ne, domin na yi maganar da likita baki da baki ya amince, amma ban nemi in ga abin da ya sa a takarda ba, na ɗauka magana ta wadatar kamar yadda muka saba a gida. Na yi mata bayani a natse cewa wadda nake so tana iya aiki da ƙarfi guda ɗaya idan likita ya ga dama, amma wannan ba za ta taɓa iya daidaita kanta ba, kuma mutum bukatarsa takan sauya idan ya kwanta rigingine, ko mura ta kama shi, ko ya ƙara ƙiba ko ya rame. Na ƙara da cewa inshora ba ta cika sauya wa mutum na'ura ba sai ta shekara biyar, saboda haka abin da zan ɗauka yau shi ne abokin kwanana har zuwa 2030. Ta ce duk aikinsu ɗaya, iska ce dai suke hurawa. Na ce na yarda, amma ba zan sa hannu ba tukuna, ta ba ni lokaci in kira asibiti.

Ban ɗauke ta muguwa ba, kuma ban ɗaga murya ba. Aikin da aka ɗora ta a kai take yi, kuma na tabbata mutane da yawa sukan zo a gajiye, su karɓi abin da aka ba su su yi godiya, kamar yadda ni ma zan yi da ba a faɗakar da ni ba.

A cikin mota na kira ofishin likita, nas ta ce yana ganin marasa lafiya har sha biyu, amma za ta ajiye masa saƙo. Na karanta mata abin da nake roƙo a rubuta ɗaya bayan ɗaya: cikakken sunan na'urar, da tankin ruwa mai ɗumama iska, da tiyo mai ɗumi, da takunkumin da majiyyaci ya zaɓa, sannan a rubuta ƙarara cewa kada a musanya da wata. Ƙarfin iskar kuwa na bar wa likita, tun da wannan ba fagena ba ne. Daga nan na kira kamfanin inshora na nemi sunayen wasu masu rarraba kayan da suke hulɗa da su, aka ba ni uku na rubuta a bayan ambulan. Na sha shayin da uwargida ta zuba mini a filas, na je wani masallaci da ke kusa na yi azahar, ina fitowa nas ta kira ta ce likita ya sa hannu, ya rubuta ƙarfin iska daga 7 zuwa 14, kuma an aika ta faks. Har yanzu abin yana ba ni mamaki a ce ƙasar da ta ƙirƙiro iPhone harkar asibitinta ba ta rabu da faks ba.

Da na koma wajen ƙarfe biyu, wani babbansu ne ya fito. Ya ce sun ga sabuwar takardar, amma ba su da wannan na'ura a ƙasa, sai dai in jira mako uku. Ya kawo zancen kiranyen da kamfanin Philips ya yi wa miliyoyin na'urorinsa a watan Yunin 2021 saboda soson rage ƙara da ke marmashewa a cikinsu, da yadda kamfanin ya sanar a farkon 2024 cewa ya dakatar da sayar da sababbi a Amurka, abin da ya sa kowa ya koma kan sauran kamfanoni. Wannan labari gaskiya ne, na san shi. Sai na ce ba komai, ya taimaka ya ba ni kwafin takardar likitan, zan gwada waɗansu, na kuwa ajiye ambulan ɗin nan a kan tebur yadda zai iya karanta sunayen. Ya dubi ambulan, ya dube ni, ya ce bari ya sake leƙa sito ko akwai wadda aka ajiye wa wani bai zo ya ɗauka ba. Ba a yi minti goma ba sai ga shi da kwali a rungume. Ba zan ce ƙarya ya yi mini da farko ba, Allah ne masani, amma na lura kwalin babu sunan kowa a jikinsa.

Na karanta sunan a gaban na'urar harafi bayan harafi, na tabbatar da kalmar AutoSet tana nan, domin akwai 'yan'uwanta masu kama da ita sak waɗanda ba sa daidaita kansu. Na roƙi ma'aikaciyar ta buɗe mini inda ake ganin awannin da injin ya yi yana aiki, ya nuna sifiri, sannan na duba ramin gefe na ga katin memori yana ciki. Da wannan katin zan iya ganin numfashina na kowane dare a kwamfuta ta wata manhajar kyauta da ake kira OSCAR, in kuma kai wa likita idan an samu matsala.

Wajen takunkumi ne muka sha dariya. Ta fara ɗaura mini babba mai rufe hanci da baki, tana kunna injin sai iska ta riƙa tsiyaya ta cikin gemuna tana feso mini ido, ga wata ƙara mai ban kunya da robar ke yi a kumatuna. Ta tambaya cikin ladabi ko zan iya rage gemun, na ce mu dai nemi wata dabara. Sai ta kawo wani ƙarami mai 'yan matasai biyu na roba mai laushi da ke zama a bakin ƙofofin hanci, ba ruwansa da gemu. Iskar farko da ta shiga ta tuna mini da yarinta, lokacin da nake leƙa kai ta tagar mota a hanyar Kaduna. Da na buɗe baki zan yi magana sai iskar ta fito ta bakin da ƙarfi, maganar ta ƙi fita, ta ce haka abin yake, in rufe baki in yi numfashi yadda na saba. Bayan kamar minti biyar na ji ƙirjina ya daina gardama, musamman da ta kunna tsarin da ke rage ƙarfin iskar a lokacin fitar da numfashi. Ta ce ina da kwana 30 in canza takunkumin idan bai karɓe ni ba, kuma idan na ga ina kwana baki buɗe akwai maɗaurin haɓa.

Sai a lokacin na ɗauki biro. Yarjejeniyar ta haya ce, inshora tana biya wata-wata kafin na'urar ta zama tawa, kuma sharaɗinsu irin na Medicare ne, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka: a cikin kwana 90 na farko dole a samu kwana 30 a jere da na yi amfani da ita aƙalla awa huɗu a dare 21 daga ciki. Na'urar da kanta take aika musu rahoto ta hanyar sadarwar wayar salula, saboda haka babu zancen wayo. Na lissafa na ga azumi zai kama a farkon Maris, lokacin da barci ke rarrabuwa tsakanin tarawihi da sahur, don haka gara in cika sharaɗin tun yanzu. Ta ce ko a azumin ma kada in damu, domin injin daga tsakar rana zuwa tsakar rana yake ƙirga kwanansa, barcin bayan asuba ma yana shiga lissafi. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne kuɗin, tun da shekara ta sabunta, kason da mutum ke fara biya daga aljihunsa kafin inshora ta sa hannu ya koma farko.

Na iso gida ana gab da magariba, na biya kanti na sayo galan ɗin ruwan da aka tace ta hanyar tururi, domin na famfo yana barin farin gishiri a tanki. Na ɗora na'urar a kan 'yar durowa da ta ɗan fi katifa ƙasa, yadda ruwan da ya taru a tiyo zai gangara baya maimakon ya zubo mini a hanci. Na juya cajarta na karanta, tana karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, ke nan za ta yi aiki a Zariya idan an kawo wutar. Idan ba a kawo ba kuwa sai in nemi wayar da ke haɗa ta da batir, in kashe ɗumamar ruwan don cajin ya kai asuba, in kuma tafi da matatan iska da yawa saboda ƙurar hunturu. Autarmu ta leƙo ta gan ni da tiyo a hanci ta ce, “Abba, jirgin sama za ka tuƙa?” Uwarta kuwa cewa ta yi, “Alhaji, in dai yau zan samu barci, ko janareta ka shigo da shi ɗakin nan ina maraba.”

Yanzu ƙarfe goma da rabi. Na zuba ruwan daidai layin da aka zana, na rataye tiyon ta saman allon gado, na saita agogon asuba. Uwargida ta ce ba za ta yi barci da wuri ba, tana so ta saurara ta ji ko minsharin zai zo.