Tafiyar ƙafa a tuddan Piemonte

Ni ba na shan giya, kuma ba ita ta kai ni Piemonte ba, yankin Italiya da ya yi suna da giyar inabi. Karatun ƙasar noma ne ya zaunar da ni a Torino, babban birnin yankin, arewa maso yammacin Italiya, shi ya sa a watan Oktoba na saɓa jaka na shiga tuddan Langhe da ƙafa, daga La Morra zuwa Barolo.

Sammako na yi. Hazo ya cika kwaruruka fal, kawunan tuddai kawai ake gani, can nesa kuma tsaunukan Alps. Na tarar da wani dattijo yana yankar nonon inabi da ɗan almakashi, muka gaisa, hira ta ɓarke. Ya ce iyayensu da hunturu suke zaɓen gona: duk gangaren da dusar ƙanƙara ta fara narkewa, nan za a dasa nebbiolo. Irin inabi ne mai jinkirin nuna, sai sauran sun ƙare ake girbinsa, don haka gefen da ke kallon kudu yake so. Gefen arewa mai sanyi kuwa an bar wa daji da itatuwan nocciola, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa da ake zubawa a cakulan Nutella. Na duƙa na damƙi ƙasar, fara-fara ce mai yumɓu, tsohon gindin teku. Tsakanin layuka sun bar ciyawa da gangan don kada ruwan sama ya kwashe ta. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, domin tudu ɗaya ne amma kowace fuskarsa da aikin da aka ba ta.

Haƙurinsu ma har a doka yake. Ƙauyuka 11 kaɗai ke da ikon sa wa giyarsu sunan Barolo, kuma sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. A 2014 UNESCO ta sa waɗannan gonaki cikin kayan tarihin duniya. Da dattijon ya ce in zo in ɗanɗana, na faɗa masa ni Musulmi ne. Bai ja maganar ba, ya kawo burodi da cugnà, ruwan inabi ne da ake dafawa da 'ya'yan itatuwa har ya yi kauri. Na koyi faɗin hakan tun farkon gaisuwa, kowa sai ya huta.

Daga baya na hau Varallo, can arewa. A 1491 wani malamin ɗariƙar Faransiskan ta Kiristocin Katolika, Bernardino Caimi, da ya dawo daga Ƙudus, ya fara gina kwatankwacin wurarenta a kan dutse saboda waɗanda ba su da halin zuwa. Yau ɗakunan ibada 45 ne, da mutum-mutumi sama da 800 masu girman mutum, wasu har da gashin gaske. Ta tagar raga ake leƙa su. Siffanta Annabi Isa, Alaihis Salam, ba ya cikin aƙidata, amma duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana hawayen begen Makka zai gane abin da ya sa aka yi wannan wahalar.

Mai niyyar zuwa ya nemi takalmi mai ƙarfi, don yumɓun Langhe na kama ƙafa in an yi ruwa. Ya kuma riƙe guzuri, saboda motocin ƙauye ba su da yawa, shaguna kuma suna rufewa da tsakar rana.