Fitsarin fari tas ne ya ruɗe ni

Ranar Alhamis na yi handoba ta ƙarshe, wato miƙa aiki, a wod ɗin maza na tiyata, shekara shida kenan ina wurin, wata mai zuwa zan koma ɓangaren wankin ƙoda. Ƙannena nas-nas da suka zo kwanan nan suna ta cewa Anti ki bar mana wani abu, to ga shi, kuma dare ɗaya ne zan yi magana a kai don shi ne har yau in na tuna gabana yake faɗuwa.

Wani dattijo ne ɗan kasuwar Dawanau, sikanin ya nuna ƙari a ƙodarsa ta hagu, aka ce sai an tsakuro ɗan nama an kai lab a ga ko kansa ce, wato biyofsi. Kun san yadda ake yi, a kifa mutum rub da ciki, a kashe wurin da allura, a soka doguwar allurar ta baya ana kallo a sikanin. Ramin da ake bari bai fi bakin biro ba, filasta ɗaya ta rufe shi, shi ya sa 'yan uwa har da wasunmu suke raina abin. Ranar wuta ta ɓata lissafi, sai wajen ƙarfe 4 na yamma aka yi masa, ni kuma na karɓi aikin dare ƙarfe 8, an riga an wuce awon bugun jini da BP (hawan jini) na minti 15-15 da na rabin awa, an dawo na awa-awa. Mu biyu ne a wod ɗin, abokiyar aikina tana can kan wani da aka fito da shi daga tiyata.

Da na karɓa bugun jininsa 84 ne, BP 136/86. Ƙarfe 9 ya zama 96. Ƙarfe 10 ya zama 108, BP 124/80. Da hannuna na rubuta waɗannan lambobin, ban ƙirƙira ba, ban tsallake ba, amma ko sau ɗaya ban ɗaga ido na kalli na sama ba, kowace lamba ita kaɗai nake kallo in ce ai ba laifi. Ya ce min "Sista, kwiɓin nan yana ɗan ja na," na ce Baba ai wurin allura ne, sannu, na ba shi farasitamol. Gumi a goshinsa na ce zafin Afrilu ne, fanka ba ta juyawa. Abin da ya fi kwantar min da hankali robobin fitsari uku da ɗansa ya jera a ƙarƙashin gado kamar yadda aka ce masa, na haska da fitilar waya, fari tas, ko ɗigon ja babu. A raina na ce wannan ya tsallake.

Wallahi a lokacin a kaina jini bayan biyofsi a fitsari kawai yake fitowa. Na manta ƙoda a bayan ciki take, akwai fili a kewayenta da jini zai taru fiye da lita guda ba ka ga komai a waje ba, filasta a bushe, fitsari garau, musamman in ƙarin yana gefen ƙodar ne allurar ba ta taɓa hanyar fitsari ba. Kuma ƙoda ba ƙaramin jini take sha ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da zuciya ta harba ta nan yake bi. Jiki kuma yana da ɓoyo, zuciya za ta ƙara gudu jijiyoyi su tsuke su riƙe BP, sai an yi asara mai yawa kafin ya faɗi. Ga mai hawan jini irin Baba, 118/78 da na gani ƙarfe 11 ba lafiya ba ce, faɗuwa ce, bugun kuma ya kai 118.

Wajen sha biyu saura ya ce zai zaga, ya ƙi tasa, kunya, ya ce shi bai taɓa yi a kwance ba. Awa shida ta kwanciya bayan biyofsi ta wuce, na ce ɗansa ya riƙe shi. Taku uku ya yi ya sulale. Hannunsa da na kama sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa, leɓensa ya yi fari, ɗan yana ta salati. PCV ɗinsa, wato awon yawan jini, da safe 36, da aka sake 24. Daren nan ɗansa da ƙaninsa suka ba da jini, leda uku aka ƙara masa kafin azahar, sikanin ya nuna gudan jini ya kewaye ƙodar. Allah Ya sa jinin ya tsaya da kansa ba a kai ga buɗe shi ba.

Da safe matron ta kira ni gaban kowa, har da ɗalibai, ta ɗaga takardar awon tana karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya. "Ke da idonki kika rubuta 108 kika koma kika zauna?" Na ce "Ma, na yi kuskure." Kuma na yi, ban taɓa musu ba. Amma kwana biyu bayan nan matar Baba ta fito da magungunansa daga jaka, sai ga ƙaramin asfirin ɗin nan na masu hawan jini, mai tsinka jini, kullum yana sha har safiyar ranar, ba wanda ya tambaye shi balle a ce ya dakata kwanaki kafin a soke shi kamar yadda ƙa'ida take. Wanda ya rubuta fayil bai tambaya ba, wanda ya sa shi a layi bai tambaya ba. Takardar tuhuma ɗaya aka rubuta a kan maganar nan, sunana ne a kai, tana cikin fayil ɗina har yanzu. Na yafe, amma in na ce ban ji ciwo ba na yi ƙarya.

Tun daga ranar, duk wanda aka kawo min daga biyofsi ni da kaina nake cewa a zazzage min jakar magani a kan gado, asfirin, warfarin, diclofenac na kemis, har na gargajiya. Bugun jini kuwa in ya hau sau biyu a jere ina kiran likita ko BP yana kyau, in ya yi faɗa ya yi, an sha yi min tsaki a waya ƙarfe 2 na dare, sau biyu kuma na yi daidai. Ciwon kwiɓi da yake ƙaruwa ba na kiransa wurin allura. Wanda mararsa ta cika fitsari ya ƙi fita, ku tuna gudan jini yana toshewa. Kafin a miƙe tsaye a fara zama a bakin gado ku sake awo. Masu son tashi sallah ku gaya musu da girmamawa su yi a kwance da ishara, addini ya yarda. Ranar sallama kuma ku faɗa wa 'yan uwa da baki, ba takarda kawai ba, babu ɗaukar buhu ko jarka na sati biyu, kuma jini yana iya ɓallewa a gida bayan kwanaki.

Sakamakon Baba ya dawo kansa ce, daga baya aka cire ƙodar. Bara ya zo kilinik ya sa ɗansa ya nemo ni har wod, ya miƙo min ledar gero ya ce "'Yata, ke ce kika kama ni ranar da na faɗi." Bai san sauran labarin ba, ni kuma na kasa gaya masa, na karɓa na ce Allah Ya ƙara lafiya Baba.