Safar Dambe a Hannun Baduku

Duk lokacin da babban dambe ya matso, bencin ƙofar shagona da ke Nima, nan Ankara babban birnin Ghana, ba ya ɗaukar mutane. Daga la'asar ake taruwa, a ɗora ataya, gardama ta kaure. Ni kaina na sunkuye a kan fata, basilla a hannu, amma kunnena na wurinsu. Dukanci gadonsa na yi. Mahaifina takalma da kube da layu yake ɗinkawa, ni kuma Allah ya ajiye abincina a wurin 'yan damben zamani. Ina ɗinka buhun naushi da faifan da koci ke tarar naushi da shi da hular kare kai, ina kuma gyaran safar dambe. Yawancin masu kawo mini aiki daga unguwannin Bukom da James Town suke tasowa.

Gardamar guda ce kullum, sunaye ne kawai ke sauyawa: wa zai yi nasara, mai kutsawa ko mai tsare gida? Akwai wani dattijo, tsohon mahauci, da ya yi damben gargajiya a ƙuruciyarsa. Shi a wurinsa hannu ɗaya mashi ne, ɗaya garkuwa. In samari suka fara yabon Mayweather, ɗan damben Amurka, da iya gocewarsa, sai ya ce, "Yara, garkuwa ba ta kisa." Su ce, "Baba, ai wannan ba damben ƙauye ba ne, maki ake ƙirgawa." Ya ce to makin ma da naushi ake samunsa.

Ba zan manta da makon da Joshua Clottey ɗan Ghana zai kara da Manny Pacquiao ɗan Filifin ba, a watan Maris na 2010, a jihar Texas ta Amurka. Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce Clottey ya fi girman jiki, in ya rufe fuska da hannuwa babu mai ɓalle shi, Pacquiao zai yi ta dukan bango har ya gaji. Wasu suka ce bahago mai saurin ƙafa irin Pacquiao ba a tsaya masa wuri ɗaya. Aka juyo kaina, "Maigida, kai me ka gani?" Na ce ban taɓa riƙe safar Clottey ba, amma na gyara na yara da yawa masu kwaikwayon tsayuwarsa, kuma duk a baya suke cinyewa, gaban yana nan kamar sabo. Muka kwana a gaban talabijin har gab da asuba. Clottey ya yi turmi 12 a tsaye, bai faɗi ba, wannan kuwa jarumta ce. Sai dai Pacquiao ya kai naushi sama da 1,200, nasa bai kai 400 ba, alkalai uku duk suka ba wa ɗan Filifin.

Abin da masu gardama ba su sani ba, safa tana tona asirin mai ita. In aka ajiye mini biyu a kan tebur, kafin yaro ya buɗe baki na san irin dambensa. Wanda ya dogara da naushin gaba mai tsinke, irin wanda Ike Quartey ɗan Ghana ya yi suna da shi har ya ci kambun duniya a 1994, safarsa ta hagu ce ke lotsewa daidai kan gaɓoɓi biyu na farko, ta dama kuwa da sauranta. Mai lanƙwaso naushi daga gefe, ɗinkin babban yatsa ne ke fara farkewa. Wanda ke mari maimakon naushi, tafin safar ne ke goguwa, shi kam nakan ce ya gaya wa kocinsa tun bai karya wuyan hannu ba. Safar da ta cinye gaba da baya daidai wa daida, ita nake ɗagawa in daɗe ina kallo. Irin wannan ce ke tuna mini Azumah Nelson ɗan Ghana, wanda ya bi Wilfredo Gomez har gida a Puerto Rico a 1984 ya kwantar da shi a turmi na 11, ya kuma je Melbourne a 1992 ya gama da Jeff Fenech a turmi na 8. Ba banza aka kira shi Farfesa ba. Yana tarewa, yana karanta mutum, sannan ya sauke.

Shi ya sa ba na yi wa kowa gyara iri ɗaya. Safar atisaye mai oza 14 ko 16 tana son soso hawa uku: mai tauri a ciki kusa da gaɓa, matsakaici, sai mai laushi a sama don fuskar abokin atisaye. Mai nauyin hannu nakan ƙara masa ƙarfi a wuya. Fatar kuwa ta saniya ce, wadda aka jeme da bagaruwa ta jemu sosai, in shafe ta da mai in bar ta ta sha kwana biyu kafin wuƙa ta taɓa ta. Zaren sai na ja shi a kakin zuma, ɗinki biyu, basilla biyu suna gicciye a rami ɗaya. In guda ya tsinke, ɗayan na riƙe.

Wannan ɗinkin a hannun mahaifina na koya, da hawaye. Ina da shekara goma sha biyu na ɗinka kube, na kai masa ina murna. Ya sa babban yatsa ya danna, ɗinkin ya buɗe baki. Bai yi faɗa ba, ya miƙo mini wuƙa ya ce, "Warware." Sau huɗu ina warwarewa a yini ɗaya. Allah ya jiƙansa. Buhun naushi na farko da na yi ma na cika shi da yashi zalla, ya daskare a ƙasa kamar dutse, wani yaro ya kumbura hannu. Daga ranar na koma tsumma yankakke, ana dannawa hawa-hawa da taɓarya, yashin kaɗan ne a tsakiya cikin jaka tasa daban.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne safar roba da ta cika kasuwa. An buga mata sunan babban kamfani, tana ƙyalli, amma wata biyu a zufa da iskar teku ta Bukom sai ta fara saɓulewa kamar fatar maciji. Ka farka ta ka tarar da guntun soson katifa. Yaro ya tara kuɗinsa da ƙyar ya saya, sannan ya zo yana cewa, "Kawu, gyaranka ya fi kuɗin sabuwa." Nakan ɗauko wadda na gyara shekara biyar da suka wuce, mai ita ya kawo a sauya igiya kawai, in ce ya matsa ya ji. Wasu su gane, wasu su tafi su dawo da yatsa a ɗaure. Masu kawo fata daga Arewa ma sai ka sa ido, a sa mai kyau a sama, a cusa mai tabon kaska da tsagar wuƙa a tsakiya. Yanzu ɗaya bayan ɗaya nake ɗagawa a rana kafin in biya.

A wannan makon ma benci ya cika, ana ta mai tsawon hannu da mai shiga jiki, Baba mahauci na nan kan bakansa. Ni kuwa akwai faifai huɗu da buhu biyu da na yi alkawarin Alhamis. Mai son aiki ya zo da safe kafin masu gardama su iso, ya taho da tsohuwar safarsa in gani.