Steaua, FCSB da takardar da na karanta ina sane da kuskurenta

Tun da na miƙa takardar ajiye aiki, abokan aikina na sashen wasanni suke tambayata ko maganar albashi ce ta kore ni, wasu kuma suna cewa wani gidan rediyon ne ya yi mini tayi. Waɗanda suke cikin sutudiyo ranar Alhamis 30 ga Janairun 2025 ba su tambaya ba, domin sun san cewa tun daga wannan rana zamana a teburin nan ya daina daɗi. Ina so in rubuta abin da ya faru yadda yake, saboda matasan da ake ɗauka yanzu, kuma saboda har yau ban samu damar faɗin nawa ɓangaren a gaban waɗanda suka yanke mini hukunci ba.

A daren ranar Manchester United za ta kara da FCSB a birnin Bukarest, a wasan ƙarshe na zagayen farko na gasar Europa. Kowa ya san yawan magoya bayan United a cikin masu sauraronmu, don haka aka ba ni aikin shirya bayani na minti biyar a kan ƙungiyar da za ta karɓi baƙuncinsu, tun da akasarin mutane ba su taɓa jin waɗannan haruffa huɗu ba. Dare biyu na kwana a kan aikin, kuma tun a daren farko na gane cewa tambayar "wace ce FCSB?" ba ta da amsa guda ɗaya ko a Romaniya kanta.

Asalin ƙungiyar ta sojoji ce. Hafsoshin sojan Romaniya ne suka kafa ta ranar 7 ga Yunin 1947 da sunan ASA, ta sauya suna zuwa CSCA, sannan CCA, kafin a 1961 ta zama Steaua, wato tauraro. A zamanin mulkin gurguzu kusan kowace babbar ƙungiya tana da uwar ɗaki a gwamnati: Steaua tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, babbar abokiyar hamayyarta Dinamo kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, shi ya sa karawarsu ta wuce wasan ƙwallo kawai. Ranar da ta fi kowace daraja a tarihinta ita ce 7 ga Mayun 1986 a birnin Sevilla, inda ta fuskanci Barcelona a wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai, a cikin Sifaniya, a filin da ya cika da magoya bayan Barcelona. Aka tashi babu ci har bayan ƙarin lokaci, aka tafi bugun fenariti, golan Steaua Helmuth Duckadam ya tare duka huɗun da aka buga masa, Marius Lacatus da Gavril Balint suka ci nasu, kofi ya tafi gabashin Turai a karon farko a ƙarƙashin koci Emerich Jenei. Gheorghe Hagi ba ya cikin wannan tawaga. A lokacin yana Sportul Studentesc, sai a farkon 1987 ya zo, ya ci ƙwallon da ta ba su kofin Super na Turai a kan Dynamo Kyiv, kuma yana cikin waɗanda AC Milan ta doke da ci 4 da nema a wasan ƙarshe na 1989.

Rigimar ta samo asali ne bayan faɗuwar gwamnatin gurguzu ta Ceausescu. A 1998 aka cire sashen ƙwallon ƙafa daga hannun kulob ɗin sojoji ya koma hannun 'yan kasuwa, a 2003 kuma attajiri Gigi Becali ya mallake shi. Daga baya sojoji suka kai ƙara cewa suna da tambarin nasu ne, a ƙarshen 2014 kotun ƙoli ta ba su gaskiya, har ta kai ƙungiyar Becali ta buga wasa an rufe tambarin da ke kan rigunanta, allon filin kuma yana kiranta "masu masaukin baƙi" domin ba ta da ikon amfani da sunanta. A 2017 ta koma FCSB a hukumance, a wannan shekarar kuma sojoji suka sake kafa tasu ƙungiyar da sunan CSA Steaua, suka fara daga rukuni na huɗu, suka hau har rukuni na biyu a 2021, inda suka tsaya saboda matsayinsu na sashen ma'aikatar gwamnati bai ba su damar shiga rukunin farko ba. Kotu a Bukarest ta ce tarihin 1947 zuwa 1998 na sojoji ne, hukumar UEFA kuwa a lokacin tana lissafa kofin 1986 a cikin na FCSB. Magoya baya ma sun rabu, ɓangaren Peluza Sud yana tare da sojoji, Peluza Nord yana tare da FCSB. Duk wannan na rubuta, na ƙara da 'yan Afirka da ke cikin tawagar a lokacin, irin su Siyabonga Ngezana na Afirka ta Kudu da Joyskim Dawa na Kamaru, na kuma ambaci rasuwar Duckadam a Disambar 2024, wata biyu ma ba a cika ba.

Da la'asar na kai wa shugaban sashe takardar. Minti goma kafin a buɗe mana makirufo ya dawo mini da ita, ya soke kusan kashi biyu cikin uku da jan biro, ya rubuta da hannunsa a saman shafin cewa United za ta kara da ƙungiyar sojojin Romaniya, wadda Hagi ya jagoranta ta ci kofin Turai a 1986. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, Hagi ba ya nan a 1986, kuma wannan ba ita ce ta sojoji ba." Ya ce mini: "Malam, masu sauraro Hagi suka sani, ba su san shari'ar Turawa ba, kuma na fara wannan aiki kana makarantar firamare." Ya juya ya fita.

A nan ne nawa laifin yake, kuma shi ya fi yi mini ciwo fiye da duk abin da ya biyo baya. Ina da minti goma, ina da biro a aljihuna, ni ne zan zauna gaban makirufo, kuma babu wanda zai riƙe mini baki idan na tsallake jimla guda. Amma na ji tsoron a ce yaro ya raina na gaba da shi, na kuma yi wa kaina huɗubar cewa babu wanda zai lura da ƙungiyar da ke can Romaniya a daren da hankalin kowa yake kan United. Na karanta jimlar da muryata, da sunana a farkon shirin, ina sane da cewa kurakurai biyu ne a cikinta.

Kira na uku da furodusa ya haɗa mini na wani dattijo ne da ya ce ya yi karatun injiniya a Bukarest a shekarun 1980, kamar yadda ɗalibai da yawa daga Najeriya suka yi a wancan zamani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Ɗana, ina cikin garin daren da aka ci kofin nan, na ga yadda mutane suka cika tituna, kuma sunan gola suke kira, ba Hagi ba. Mutumin nan bai daɗe da rasuwa ba, kada ku ɗauke masa ranarsa ku ba wani." Sannan ya bayyana bambancin FCSB da ƙungiyar sojoji a cikin jimloli uku, kusan kalma da kalma abin da aka soke a takardata. Na ce: "Gaskiya ne, Baba, mun gode da gyara." Ban iya ƙara komai ba, domin duk abin da zan ƙara zai zama tona asirin gidan da nake wa aiki a kan iska. Kafin a tashi wasan, wanda United ta ci 2 da nema, an riga an yanki muryata ana yawo da ita a WhatsApp.

A taron ranar Litinin shugaban sashe ya ce shi tsayin rubutu kawai ya rage, bincike kuma aikin wanda aka ba ne. Aka tambaye ni takardar da aka yi wa gyara, ni kuwa na bar ta a kan teburin sutudiyo a daren, masu shara sun kwashe tun da asuba. Abin da ke cikin kwamfutata shi ne rubutuna na asali, wanda babu kuskuren a ciki, sai aka ce wannan ma hujja ce cewa a kan iska na ƙara abin da ba a rubuta ba. Mutum biyu sun ji abin da ya gudana tsakanina da shi a baranda, dukansu suka sunkuyar da kai. Aka ba ni takardar tuhuma, aka cire ni daga shirin na mako shida. Ban riƙe mutanen nan biyu a zuciya ba, suna da iyali kuma shi ne yake sa hannu a takardun ƙarin girmansu, amma shi kansa har yau bai taɓa kirana gefe ya ce mini ko da "yi haƙuri" ba, kuma ba zan ɓoye cewa wannan yana nan a raina ba.

Ga waɗanda za su gaji kujerata, shawarata ta farko ita ce duk jimlar da kuka san ba daidai ba ce ku tsallake ta, ko da wane ne ya rubuta, domin mai sauraro muryarku ya ji, kuma faɗan da za a yi muku a ofis ya fi sauƙi a kan abin da na ɗanɗana. A kan ƙungiyoyin da ake jayayya a kan tarihinsu kuwa, ra'ayina shi ne a kira kowace da sunan da take amfani da shi a yau, a faɗi abin da kotu ta ce da abin da UEFA ta ce, a bar mai sauraro ya yanke hukunci. Jimla biyu sun isa, kuma mutanenmu da suke haddace jadawalin gasar Ingila da ta Sifaniya ba za su kasa fahimtar wannan ba. Ku ɗauki hoton kowace takarda da aka yi wa gyara da hannu. Ku riƙa tabbatar da shekarar da ɗan wasa ya shiga ƙungiya kafin ku jingina masa kofi. Kada ku bar gardama da babba ta tsaya a baranda.

A watan Maris ɗin shekarar, ina cikin hutun dole, FCSB ta kai zagayen 'yan 16 ta haɗu da Lyon ta Faransa, wadda ta fitar da ita. Na saurari shirin a gida, wanda aka sa a madadina ya sake kiranta ƙungiyar sojojin Romaniya, kuma babu wanda aka ba takardar tuhuma. Cikakken rubutun da na yi na minti biyar yana cikin fayil ɗin sashe a kwamfutar da ke kusa da taga, da kwanan watansa a kai, na bar shi ga duk wanda aka sake ba aikin.