Jadawalin da Ba Ya Sauyawa, Kwamfaila Ya Kamata Ta Gina Shi

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, kuskuren da zan ba ku labari na tafka shi ne a kan allon Arduino Uno, wata ƙaramar kwamfuta ta sarrafa na'urori, wanda RAM ɗinsa, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhaja ke aiki da ita, bayit 2048 ne kacal, alhali ma'ajiyarsa ta filash, inda manhajar kanta take zaune, tana ɗaukar kilobayit 32. Ina bukatar jadawalin CRC-32, wato lissafin da ke gano ko saƙo ya lalace a hanya, domin tantance saƙonnin da na'urar take aikawa, jadawalin kuwa gurbi 256 ne, kowanne bayit 4, jimilla 1024. Sai na tsara a riƙa cika shi duk lokacin da aka kunna na'urar, ban ankara ba cewa na miƙa rabin RAM ga lambobin da har abada ba za su sauya ba. Na'urar takan yi aiki jim kaɗan ta mutu ta sake tashi, ni kuma na kwashe kwanaki ina zargin batir.

Da na gano bakin zaren, wato RAM ne ke ƙarewa, sai na kwafo jadawalin a shirye na sa masa const, ina zaton magana ta ƙare. Ashe const alkawari ne kawai cewa ba za a sauya abin ta wannan suna ba, bai ce komai game da inda zai zauna ba. A irin wannan allo, sai an ƙara PROGMEM, alamar da ke barin jadawalin a filash, kuma an karanta da pgm_read_dword, umarnin karanto lamba daga can, in ba haka ba ana kwafe jadawalin zuwa RAM da zarar an kunna. Wani abin kunyar kuma, garin gyara layuka na ɓata lamba ɗaya, saboda haka yawancin saƙonni suna wucewa lafiya, sai wanda lissafinsa ya ratsa ta wannan gurbi.

Shawarata ita ce kada ku rubuta da hannu abin da kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunku zuwa harshen na'ura, za ta iya lissafawa. Ku gina jadawalin da constexpr, wanda ke sa kwamfaila ta yi lissafin tun lokacin harhaɗa manhaja, daga lambar 0xEDB88320 da ake gina jadawalin CRC-32 a kanta, amma ku sani C++11, sigar harshen C++ da Uno ke amfani da ita idan ba a sauya saiti ba, bai yarda da maimaita umarni a cikin irin wannan aiki ba, sai daga C++14. Sannan ku kafa static_assert, gwajin da kwamfaila ke yi lokacin harhaɗawa, mai tabbatar da cewa gurbi na 1, idan an fara ƙirga daga 0, yana ɗauke da 0x77073096, kuma lissafin CRC-32 na rubutun 123456789 yana ba da 0xCBF43926. Da na yi haka tun farko, da babu lambar da zan ɓata da hannu, kuma idan gwajin bai yi daidai ba, kwamfaila za ta ƙi harhaɗa manhajar.