Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Maganar da Baffa bai ƙarasa ba

Assalamu alaikum jama'a. Wancan satin na tsaya a inda na fara zaman shagon Yaya a Kantin Kwari. To a lokacin ne GSM ta shigo, 2001 zamanin Obasanjo, MTN da Econet, layi kaɗai sai ka ajiye wajen dubu 20, kuma minti ɗaya naira 50 ko da "kana ina" kawai ka ce ka kashe, sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da sakan. Ni na fara riƙe waya a gidanmu, Nokia 3310, da gumina na saya, duk da har yau akwai masu cewa wai Yaya ne ya saya min.

Wata Juma'a bayan la'asar Baffa ya kira ni zaure ya fara min magana a kan gonar rafi, ya ce akwai abin da yake so in riƙe. Sai waya ta yi ƙara, kwastoma ne daga Maraɗi. Wallahi ko "Baffa a yi min izini" ban ce ba, na ɗaga har da miƙewa na fita ƙofar gida. Da na dawo ya riga ya ɗauki carbinsa. Na ce Baffa a ci gaba, ya ce "wanda ke gabanka ya riga na cikin waya yin sallama." Shi ke nan. Na sha tuna masa daga baya, sai ya ce ai ta wuce.

Wannan maganar ce ta faɗo min ranar da ya rasu a 2018. Ina hanyar Zariya, wani yaro cikin dangi ya ɗauki hotonsa a gadon asibiti an rufe shi da mayafi, ya sa a status ya tura guruf ɗin gida. Goggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, a wayar 'yar maƙwabta ta gani tana cikin tankaɗe, babu wanda ya je ya yi mata sallama ya zaunar da ita. Da na yi magana uban yaron cewa ya yi ai yarinta ce. Yarinta da shekara 25? A sahun jana'iza ma wayar wani ta yi ta kiɗa har liman ya sallame, kuma na san ko ta waye.

Shi ya sa a gidana in babba na magana waya a kife take, tawa ma, uwargida ta san wannan tun tana amarya. Yara suna ganin takura ce, ni kuwa ina kallonsu sai in ga zauren nan da Baffa da carbinsa.

Abin da ya so faɗa min kan gonar rafi har yau ban sani ba, kuma a kanta aka yi rigimar da ta raba ni da Yaya shekara 3. Sati mai zuwa in sha Allah zan kawo ta.