Tankaɗe da rairaya a kwalin kwabbai

Duk wanda ya shigo shagona a unguwar Bronx ta birnin New York siyan garin tuwo ko manja sai ya hango wani ɗan teburi can ƙurya, da fitila da sikeli da tulin jajayen sulalla, sai kaji ance Alhaji wai me kake yi da kwabban nan? Wani ma dariya yake, wai duk faɗin Amurka na rasa abin tarawa sai peni, wato kwabon santi ɗaya, kuɗin da in ya faɗi a titi ko yaro baya sunkuyawa ya ɗauka. Toh ni dai wannan teburin shi ke biya min kuɗin wuta da na waya, wani watan harda ɗan ragi.

Asali canji nake karɓowa a banki saboda shago. Ƙunshi ɗaya na takarda kwabo 50 ne a ciki, kwali ɗaya ƙunshi 50, wato dala 25, kwabbai 2,500, kuma wallahi nauyi gareshi kamar ka ɗauko bulo. Wata rana na fasa ƙunshi cikin durowa sai naga ɗaya bayansa daban, zangarniyar alkama biyu ce maimakon ginin nan da muka saba gani, na duba shekara 1944. Wani dattijo kwastomana yace min ajiye shi, irin wannan daga 1909 zuwa 1958 aka buga su, akwai masu siya. Daga nan fa na kamu.

Yanzu ni da ɗan yayata muke yi bayan isha'i in kasuwa ta lafa. Mu shimfiɗa tawul, mu fasa ƙunshi, mu kife su, ido na kan baya tukuna. Mai alkama gefe guda. Sannan shekara. Duk wanda ya girmi 1982, banda na 1943, jan ƙarfe ne kashi 95 cikin ɗari, nauyinsa giram 3.11, na bayan nan kuwa tutiya ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, giram 2.5. Ita 1982 ɗin ce ƴar rigima don a shekarar aka buga duka biyun, dole sai an ɗora a sikeli, ko da yake yaron nan ya iya da kunne, ya jefa a kan teburi, jan ƙarfe yana ƙara siririya, tutiya kuwa ɗif take faɗuwa kamar marfin kwalba. Abin na tuna min kwabo mai huji da anini da kakata ke ƙullewa a bakin zani, kuma ai shi kansa sunan kwabo daga sunan jan ƙarfe na Turanci ya samo asali.

Sai ƙaramin harafin da ke ƙasan shekara, D na Denver, S na San Francisco, in babu komai Philadelphia ce. Nan ne kuɗin yake ɓuya. Wanda kowa ke mafarki shine 1909 mai S da haruffan VDB a baya, sunan wanda ya zana shi kenan Victor David Brenner, guda 484,000 kacal aka buga. Akwai 1914 mai D, akwai 1931 mai S, akwai na 1955 wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu kamar mutum na kallo da jiri. Gaskiya tsakani da Allah ban taɓa cin karo da ko ɗaya daga cikinsu a ƙunshi ba, kuma duk wanda yace maka kullum yana samu, toh bidiyo yake siyarwa ba kwabo ba. Abin da na samu da hannuna shine na 1995 mai ninkin rubutu, da ƴan na 1998 da 2000 waɗanda A da M na kalmar AMERICA suka rabu da juna, sai da madubin ƙara girma ake gani, idona har ruwa yake.

Cinikin gaskiya a ƙananan yake. Masu alkama na gama-gari na ɗaure su hamsin-hamsin na sa a kasuwar intanet ta eBay, riba ƴan santi a kan kowanne, wanda ya ɗan tsufa ko yake da kyan fuska na sa shi a ƴar takarda mai taga shi kaɗai. Wani kwalin ka samu goma, wani ka gama shi kaf hannunka yayi baƙi ƙirin da warin ƙarfe ka tashi da uku da kwabon Kanada guda biyu. Na fi son ƙunshin da mutane suka naɗe da hannu suka kai banki a kan na inji, don shi ne tsohuwa ta zazzage gwangwanin mijinta, a irinsa na taɓa samun kwabo mai hoton kan Ba'indiyen Amurka na 1800 da wani abu.

Shi wannan ɗin ne ma ya koya min hankali. Na ganshi yayi duhu, nace bari na gyara shi, na samo lemon tsami da gishiri na dirje shi tas kamar tukunya, yana ta ƙyalli ina ta murna. Da na kai wa dila sai ya juya shi sau ɗaya ya turo min, yace ka wanke ko? Wai duhun nan shine shaidar shekarunsa, na kankare kuɗina da hannuna. Tun ranar ko goge kwabo da riga bana yi.

Ƴan uwa kuma basa ƙarewa da kawo min na 1943. A shekarar saboda yaƙin duniya na biyu da ƙarfe fari aka buga peni, sai ƴan ƙalilan suka fita da jan ƙarfe bisa kuskure, ɗaya an siyar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Wani bawan Allah direban tasi ya shigo min jiki na rawa, ya naɗe nasa a tishu, har ya fara lissafin fili a gida. Na ɗauko maganaɗisun da ke jikin firij na kanga, ɗaf ya manne. Farin ne aka rina. Sai da na bashi shayi.

Su kuma bokitan jan ƙarfen da ke ƙarƙashin teburi, kusan kwabo 145 ke yin nauyin fam ɗaya, ƙarfen jikinsu ya fi kuɗin da aka rubuta, amma tun 2006 doka ta hana narka su, tara har dala 10,000 ko ɗaurin shekara 5. Wani ya bani shawara na loda su a kwantena zuwa wajen maƙera a Kano, nace rufa min asiri, matafiyi ma dala 5 kawai aka yarje masa ya fita da ita. Sai dai na siyar wa masu tarawa irina da ɗan ƙari, su ma ajiyewa suke.

Wahalar da ba'a faɗa ita ce mayar da ragowar. Kar ka kuskura ka mayar bankin da ka karɓo, naka zasu sake baka, ga harara. Banki biyu nake da su, ɗaya na ɗauka ɗaya na zubarwa, kuma nakan kai wa ma'aikatan ɗan cincin lokacin sallah.

Yanzu ma abin ya sauya. Buga kwabo ɗaya ya kai santi 3.69 a 2024, gwamnati tace asara ce, ranar 12 ga Nuwamba 2025 aka buga na ƙarshe a Philadelphia. Da kwali biyu nake karɓa a sati ba tambaya, yanzu sai matar bankin ta leƙa ciki ta dawo da ƙunshi goma tace Alhaji yi haƙuri da wannan. Akwai kwali uku da na ɓoye a bayan buhunan shinkafa ban fasa ba, yaron nan kullum sai yace kawu mu buɗe ɗaya mana, nace a'a, bari dai tukuna.